Baƙar Waya a Jikin Jirgi

Ranar Litinin

Zuwa ga Malama, uwar 'ya'yana,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da Auta da mijinta da 'yar baƙuwar da Allah ya kawo mana. Yaya ƙafar taki, tana kumbura har yanzu? Yaya ɗinkin Auta, ya fara kamewa? Ni dai lafiya lau nake, in ban da kewa, wadda ba zan tsaya bayaninta ba kada kanki ya yi girma.

Tun ranar da kika ce min an fito da Auta daga ɗakin tiyata, uwa lafiya 'ya lafiya, jikina ya yi sakayau. Na san za ki ce me ya hana ni kira a waya. Kin dai san kunnen nan nawa na hagu ya riga ni yin ritaya. In kina magana a waya rabi nake ji, sauran rabin in cike da "to, to". Takarda kuwa ba ta katse mutum, ba kamar wata tsohuwar malamar makaranta da na sani ba.

Gida lafiya. Ina ba shukokinki ruwa safe da yamma. Ƙaramar tukunyar nan mai hannu ɗaya ta ɗan kama, amma na kankare, ba za ki gane ba sai kin duba gindinta.

Yanzu gyara zama. Na yaye tamfol ɗin bayan gida, na fito da jirginmu na kamun kifi. Shekara takwas yana zaune a kan tayoyi, kun mayar da shi bola: karyayyar kujera, kwalabe, tsohuwar fankarki, har da kazar maƙwabta da ta yi ƙwai bakwai a ƙarƙashin kujerar gaba. Na kwashe komai. Fentin ya ɓare, katakon daɓen ya ruɓe, ɓera ya cinye wayoyi, amma jikin alminiyom ne, ba ya tsatsa. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana haɗa wayar mota ba zai zauna wata biyu yana kallon bango ba. Kafin ki dawo zan tashe shi, in kai ki tafki ki zauna kina yi min surutu kifi yana gudu.

Na san abin da ke bakinki, don a takardarki ma kin faɗa: in kira Dogo, ɗana ne, shekara takwas ta isa. Malama, ba ni na kore shi ba. Jirgi na ba shi lafiyayye, wanda na haɗa wa waya da hannuna, na ce ya kai ƙanwarsa ta sha iska. Ya je ya hau dutse da shi, ruwa ya cika, famfon kwashe ruwa ya ƙi tashi don bai duba batir ba, masunta suka tsamo min Auta kamar tsumma, sai da aka danna cikinta kafin ta yi numfashi. Shi da bakinsa ya ce ya ji kamar sun taɓa wani abu. Na yi faɗa, e, wane uba ne ba zai yi ba? Shi ke nan ya kwashe kayansa ya tafi wancan garin gyaran firji. Gaisuwa sai ta bakinki. In ya zo ya durƙusa a ƙofar falo, ido a ƙasa, minti biyar ya tashi, ko ruwan gidana ba ya sha.

Ba zan ɓoye miki ba, abin yana ci na. Ina so ɗana ya shigo gidan nan ya miƙe ƙafa kamar da, kafin ƙasa ta rufe idona. Amma babba ba ya bin yaro, kuma mai laifi shi ke fara magana. In na kifar da jirgin zan ɗauki hoton inda dutsen ya lotsa shi in aiko miki, gani ya kori ji, ki daina cewa na cika zafi.

Ki gaida Auta, ki shafa min kan jaririya. Ki riƙa ɗora ƙafar a kan matashi.

Mijinki,
Injiniya


Ranar Lahadi

Malama,

Bayan gaisuwa da fatan kun tashi lafiya, takardarki ta same ni. Na ji daɗi da kika ce an cire zaren ɗinki kuma yarinya tana shan nono sosai. Maganar da kika yi cewa hancinta irin nawa ne, Allah ya ba mijin da zai aure ta haƙuri.

Kin tambayi hoto. Babu hoto tukuna, kuma raina a ɓace yake, bari in gaya miki dalili.

Kwana uku na yi ina tsiraita jirgin. Na ɓamɓare katako, na cire kujeru, na zare tsofaffin wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Har tsayawa na yi ina yaba ɗaurina na da, don ko ɓeran bai iya kwance shi ba. Ranar Alhamis na kira Tartsatsi mai walda na bakin layi, wanda kike cewa ni da shi ba ma rabuwa kuma ba ma shiri. Ya zo da mutum biyu daga shagonsa, muka ɗaga jirgin muka kifa shi a kan bencina biyu. Bayana ya yi ƙara, amma ban nuna ba. Na jawo tiyo na wanke gindin tas, na bi da burushi, na tsaya da wayata a hannu ina neman wurin lotsawa.

Babu. Daga hanci har wutsiya na shafa da tafin hannuna sau uku. Ba lotsawa, ba karce, ko fentin ƙasan bai goge ba. Ramin dai yana nan, a baya, daidai ƙarƙashin kujerar da batir ke zama, girman babban yatsana. Amma bakinsa bai lanƙwashe ciki ba yadda duka ke yi. Ya yi siriri kamar ɓawon albasa, in ka taɓa sai ya marmashe. Kewaye da shi kuma wani farin gari kamar gishiri.

Tartsatsi ya ce in shiga ƙarƙashi in kalli sama. Na rarrafa na shiga, rana tana tsaka. Malama, wurin nan faɗin tafin hannu biyu ya zama rariya, haske yana shigowa ta ƙananan huji sun fi talatin. A tsakiyarsu kuwa, gefen babban ramin, ga wani noti na tagulla da guntun baƙar waya a maƙale.

Ina fitowa ya tambaye ni wane ne ya ɗaure baƙar wayar batir a jikin jirgi. Na ce ni ne, kuma haka ake yi tun kafin a haife shi: jar waya ta kai wuta, baƙa a ɗaure ta a bodi, bodin ya dawo da wutar. Mota nawa na yi wa haka, wace ce ta dawo da ƙara? Ya cire gilashin waldarsa ya dube ni.

"A mota ke nan, Injiniya. Mota ba ta kwana a ruwa."

Kin san ya taɓa aiki shekara huɗu a inda ake ƙera jirage, kuma ba ya bari a manta. Ya shiga yi min karatu a gidana. Wai alminiyom da tagulla ba sa ga maciji, in suka haɗu cikin danshi tagulla ke cin alminiyom. Wai in wuta tana bi ta jikin jirgi kuma jirgin yana cikin ruwa, sai ta riƙa gutsurar ƙarfen kaɗan kaɗan har ya zama takarda. Wai wannan ramin ba dutse ya yi shi ba, ko igiyar ruwa ce ta mare shi zai buɗe. Na ce zaman shekara takwas ne ya ci wurin. Ya ce to me ya sa zaman bai ci sauran jikin ba, sai inda notina yake?

Na ce ya kwashe mutanensa ya bar min gida. Shayin da na ɗora musu ma ban zuba ba, ni kaɗai na shanye buta guda don haushi. Mai walda zai koya min waya? Ba zan yarda da maganar baki ba, sai na gwada da kaina.

Kada ki ce komai tukuna. Na san yadda kike ɗaga gira, ina ganinta daga nan.

Ki gaida mutanen gidan.

Naki,
Injiniya


Ranar Laraba

Malama, abokiyar zamana,

Ina gaishe ki, ina gaida Auta da mijinta da jikata. Allah ya sa kuna cikin ƙoshin lafiya. Ki yi haƙuri da shirun kwana goma, ba ciwo na yi ba. Na ɗauki biro ya fi sau biyar ina ajiyewa.

Na yi gwajin. Na yanko guntun alminiyom biyu daga tsohuwar kujerar jirgin, na samo bokiti biyu na zuba ruwa da ɗan gishiri don abin ya yi sauri. Ɗaya na jefa shi haka nan. Ɗayan na ɗaura masa notin tagulla da baƙar waya, na haɗa da batir da ƙwan fitila, daidai yadda na yi wa jirgin. Na ajiye su a baranda ina leƙawa kamar mai jiran kaza ta ƙyanƙyashe. Na farkon har yau yana ƙyalli. Na biyun, kwana shida, farin garin nan ya fito kewaye da notin. Da na goge da yatsa sai ga ƙananan ramuka.

Ban tsaya nan ba, don har lokacin ina neman mafita. Na ɗauko tsohon famfon kwashe ruwan, na jona shi kai tsaye a kan batir. Ya yi tari sau biyu ya tashi, yana ta wurwuri a hannuna. Lafiyarsa ƙalau. Abin da ya hana shi tashi ranar nan, wutarsa ta wannan ruɓaɓɓen notin take komawa. Wato notina ne ya huda jirgin, shi ne kuma ya kashe famfon. Sai kuma na tuna wani abu da ya sa na zauna a ƙasa: batirin da na ce Dogo bai duba ba, bayan an tsamo jirgin na goge shi na sa a motarmu, ya yi mana shekara guda yana tashi bugu ɗaya. Da hannuna na sa shi, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na yaro.

Malama, akwai abin da ban taɓa gaya miki ba, don ba kya bakin ruwan ranar, kuma na san shi bai faɗa miki ba. Ba faɗa kawai na yi ba. Yana tsaye jiƙe sharkaf yana karkarwa, bayan shi ne ya riƙe kan Auta a saman ruwa har masunta suka iso, na mare shi a gaban mutane. Na ce masa ya kusa kashe min 'ya. Na ce wanda ba a iya ba wa amanar ƙanwarsa ba ɗa ba ne, kada ya ƙara taɓa wani abu nawa. Shekararsa ashirin da biyu.

Kin sha gaya min magana zarar bunu ce, ina cewa ki bar ni da karin maganarki ta 'yan aji uku. To ga shi na gani.

Abin mamaki, cikin kunyar nan akwai wani sauƙi da nake ji, kada ki ce na haukace. Shekara takwas ina ɗauke da cewa na haifi ɗa marar kula. Ashe yarona bai yi komai ba. Gara a ce tsohon ne ya yi wauta, shi ya kusa gama nasa.

Na je shagon Tartsatsi na ba shi haƙuri. Ya ce a maimaita, injin yana ƙara bai ji ba, alhali injin a kashe yake. Na maimaita. Ya ce tun da yake bai taɓa zaton zai ga wannan rana ba, a kawo masa kujera.

Na tura wa Dogo saƙo ta waya. Na rubuta doguwar magana na goge, na sake na goge. A ƙarshe na ce ya zo gida in ya samu dama, akwai abin da zan nuna masa a jikin jirgi. Ina roƙonki, in ya kira ki kada ki gaya masa komai. Da bakina na ɓata, da bakina zan gyara, in ya ba ni dama. Tsorona ɗaya, kada ya ga kalmar jirgi ya ɗauka tsohon faɗa zan tayar.

Ki sa ni a addu'a.

Mijinki


Ranar Juma'a

Malama,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Na gode da takardarki. Na zaci za ki yi min wankin babban bargo, sai kika rubuta layi huɗu kawai, kuma na karanta su ya fi sau goma. Maganar tukunya da kika ƙara a ƙasa, na ji, zan sayo wata.

Dogo ya amsa bayan kwana biyu. "To, Baba." Shi ke nan. Yau kwana tara da saƙona, ba shi ba labarinsa. Duk motar da ta rage gudu a layinmu sai na ajiye filaya na kasa kunnen kirkin.

Don kada zulumi ya kashe ni na duƙufa kan aiki. Mun mayar da jirgin daidai a kan benci, na zama ɗan koyo a hannun Tartsatsi, yana zaune yana ba da umarni yana shan shayina. Yanzu kowane abu waya biyu gare shi, fitilar gaba, fitilar baya, famfo, duka: ja ta tafi, baƙa ta dawo da ƙafarta har kan batir, ba ruwanta da jikin jirgi. Na zura su cikin bututun roba na bi da su ta gefe, sama da inda ruwa ke taruwa. Batir na sa shi a akwatin roba mai murfi, kowace jar waya da fis ɗinta, ga babban makunni da ke yanke wuta gaba ɗaya in an sauka. Duk wani noti na tagulla na cire shi, in ban da wancan na bakin ramin. In na yanke waya sai ya sa ni in tsince gutsattsarin jan ƙarfen ɗaya ɗaya, wai ko guda ya kwana a ƙasan jirgi zai yi rami. Ni da na koyar da mutum ya fi arba'in, yau ga ni a durƙushe da tsintsiya.

Jiya na ɗora mita tsakanin batir da jikin jirgin, allura ko motsi. Na ji daɗi kamar ranar da na haɗa motata ta farko.

Tartsatsi ya kawo sabon fallen alminiyom zai yanke ruɓaɓɓen wurin ya yi faci, na hana shi. Na ce ramin nan da notin nan ba mai taɓa su sai Dogo ya gani da idonsa, ko da jirgin zai shekara a kan benci. Ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dube ni, ya mayar da fallen cikin buhu.

Ki ci gaba da addu'a. A shafa min kan mai hanci.

Naki,
Injiniya


Ranar Litinin

Zuwa ga Malama, uwar 'ya'yana,

Sallama, da fatan wannan takarda ta same ku cikin lafiya da kwanciyar rai, kamar yadda ta bar ni. Alhamdulillahi. Ki nemi wuri ki zauna, kada ki karanta a tsaye.

Ya zo. Shekaranjiya Asabar da hantsi, ina bayan gida ina goge gefen jirgi da samfefa, ban ma ji ƙofa ba. Ɗaga kaina ke nan na gan shi tsaye a bakin lungu. Ya rame, Malama, kuma furfura ta fara fito masa a gefen kunne, yaron da bai wuce talatin ba. Ya durƙusa daga nesa ya gaishe ni yadda ya saba, ido a ƙasa. Na lura ko sau ɗaya bai kalli jirgin ba, ya ba shi gefe kamar mai tsoron kare.

Duk jawabin da na shirya na kwana goma ya gudu. Na ce ya taso ya ba ni hannunsa. Ya miƙo. Na kama wuyan hannun na tsugunar da shi, na bi da tafinsa a gindin jirgin daga gaba har baya, a hankali. Na tambaye shi ko ya ji lotsawa. Ya ce a'a. Na nuna masa ramin, da rariyar, da notin. Na kai shi baranda na nuna masa bokitin nan biyu, na jona tsohon famfon ya tashi a gabansa. Shi ma mai waya ne, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Na ga lokacin da abin ya shige shi.

Na ce masa ni na huda jirgin nan, tun shekara uku kafin ya hau shi. Na ce na mare shi a kan laifina, na gaya masa maganar da uba ba ya gaya wa ɗa, kuma ina roƙonsa ya yafe min. Ban taɓa jin muryata ta yi ƙanƙanta haka ba.

Na shirya wa fushi. Wallahi da ya zage ni da na ɗauka, don na cancanta. Sai ya koma wajen jirgin ya sake shafa gindin shi kaɗai, ya sa yatsa a ramin, ya juyo.

"Baba, ashe ba ni ba ne?"

Na ce ba kai ba ne.

"Amma na ji mun taɓa wani abu."

Na ce abin da ya ji ƙarfen ne ya buɗe a ƙarƙashinsa.

Ya zauna daɓas a ƙasa cikin ƙurar fenti, ya haɗa kai da gwiwa, ya yi kuka irin wanda ban ga ya yi ba tun yana ɗan shekara biyar. Ni kuma na tsaya kamar gunki da samfefa a hannu, daga baya na zauna kusa da shi.

Malama, mun yi kuskuren karatun yaron nan, ni da ke duka. Ni na ɗauka girman kai ne, ke kin ɗauka fushi yake da ni. Ba ko ɗaya. Yarda ya yi da maganata. Shekara takwas yana kwana yana tashi da cewa shi ya kusa kashe ƙanwarsa. Ya ce ba ya iya zama a gidan nan ne don yana ganin bai cancanta ba. Ya ce tun ranar bai ƙara shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. Ya ce bai taɓa yarda Auta ta shiga motarsa ba, kullum sai ya ƙirƙiro dalili, ko kin lura? Da aka ce masa ta haihu ya sayi kayan jarirai ya zo har bakin asibitin, ya zauna cikin mota awa guda, ya juya. Kayan suna but ɗin motarsa har yanzu. Na ce kada ya ƙara taɓa wani abu nawa, shi kuma ya ɗauka har da ita.

Wannan ya fi marin ciwo a wurina, kuma ba facin da zai rufe shi. Ya ce min ya wuce, Baba, ya wuce. Na san bai wuce a rana ɗaya ba, shekara takwas ba ta dawowa. Amma da ya tashi ya wanke fuska a famfo, sai na ga kafaɗunsa sun sauko. Ya shiga kicin da kansa ba tare da ya tambaya ba, ya buɗe firji, ya ce robar ƙofar ta saki, wa ke kula da gidan nan? Ya soya ƙwai shida ya cinye huɗu. Bayan azahar na leƙa falo na same shi a doguwar kujera yana barci, ƙafafu sun zarce hannun kujerar, baki buɗe. Na rage ƙarar rediyo na koma baranda na zauna, ban yi komai ba har la'asar.

Jiya Tartsatsi ya zo ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya yi faci, kuma in faɗi gaskiya aikin ya yi kyau, amma kada ki gaya masa. Dogo ya bi wayoyina ɗaya bayan ɗaya da mita, ya samu wuri guda da ban matse sosai ba, ya yi ta kame-kame ya rasa yadda zai faɗa. Na ce ya faɗa, zamanin da ba a gyara min ya wuce. Muka cika jirgin da ruwa daga tiyo har rabi, muka shimfiɗa jarida a ƙarƙashi, muka zauna mu uku muna kallo awa biyu. Ko ɗigo. Maganar kai shi tafki na ce ba gaggawa, sai ranar da ya ji zai iya. Ya ce a bar shi ya yi tunani, na ce ya yi.

Shi zai kawo miki wannan takarda da hannunsa, ya ɗauki hutun kwana biyu. Bai san abin da na rubuta ba. Na san halinsa, zai tsaya a bakin ƙofa da ledar kaya yana cewa sauri yake. Kada ki yi masa kuka, kada ki yi masa tambaya. Ki gaya wa Auta komai daga baya, laifin ubanta ne, ba na jin kunyar ta sani. Yanzu dai ki ɗauko jaririyar ki ɗora masa a hannu, ki ce in ji ni, amana ce, kuma ban san hannun da ya fi nasa ba.

Ki gaida kowa da kowa. Ki dawo da wuri, gidan ya yi min girma.

Mijinki mai kewarki,
Injiniya